Ikilima Bahaguwa da Kwamfutocin Aro

A Dutsi aka haifi Ikilima, a gidan manoman gero da dawa, kuma tun ba ta iya magana ba aka gane bahaguwa ce. In an miƙa mata ƙuli-ƙuli, hagu take miƙowa. In faɗa ya haɗa ta da 'yan uwanta, da hagu take yaƙushi. Mahaifiyarta ba ta ɗauki abin da zafi ba, amma a gidan akwai Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinta, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida da ƙarfinta cif, ta rasa inda za ta sauke shi. Ita ce ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta ɗauki ludayi ta tsaya a kan yarinya.

A ba Gwaggo Lami haƙƙinta, ta yi aiki. Ikilima ta koyi cin tuwo da dama, karɓa da dama, miƙawa da dama. A makaranta ma da dama ta koyi rubutu, wani irin rubutu kamar kaza ta yi tono. Waɗannan duka ba ta taɓa jin haushinsu ba, ladabi ne da koyarwar addini, ta karɓe su har zuciyarta. Abu ɗaya ne ta hana, shi ne zane. In ta tsuguna bayan rumbu da tsinke tana fitar da furanni a ƙasa, to hagu ce ke aiki. An ɗaure hannun da kallabi, ta jira aka kwance ta ci gaba. An doke shi har ya kumbura, ta jira ya sace ta ci gaba. Da Gwaggo ta gaji, sai ta ce kan wannan 'ya ya fi dutsen niƙa tauri, ta koma kan wasu yaran.

Da ta zama budurwa, lalle ne ya fitar da sunanta. Uwayen amare sukan ɗan yamutsa fuska in sun ga da wane hannu za a riƙe 'yarsu, amma in zanen ya fito sai su manta. A hannun wata amarya ne wan amaryar, Hafizu, tela a cikin garin Daura, ya ga aikin Ikilima, ya tambayi wadda ta yi. Haka aure ya kawo ta Daura. Shekaru ta yi tana zana masa aikin wuyan riga da na hula da biro a kan yadi, shi kuma yana bi da zare. Hafizu mutum ne da bai cika magana ba, kuma bai taɓa damuwa da hannun da ya ja layi ba muddin layin ya fita.

Sai zamani ya juya. Injinan aiki masu kwamfuta suka shigo, masu shagon buga takardu suka fara fitar da katin biki da kalanda da sitika, kowa ya koma cewa a kwamfuta yake son zanensa. Aikin biro ya fara ja da baya. A daidai wannan lokacin ne ƙanen Ikilima, Sabiru, wanda ke jigilar kaya tsakanin Kongolam ta bakin iyaka da Damagaram, ya shigo da wani baƙin allo na hannu, shafal kamar faranti, da alƙalaminsa da wayarsa, da madannai jere a gefe guda. Shi a zatonsa babbar wayar hannu ya tsinta da arha. Da ya ga babu fuskar da za ta nuna komai sai an jona shi da kwamfuta, ya tabbatar an cuce shi, har ya yi niyyar ba yara su yi wasan gidan ƙasa da shi. Ikilima ta karɓe, ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta nufi shagon Mansur, wani mai buga takardu a kusa da tasha wanda yake abokin cinikin mijinta ne.

Ga yadda abin yake, don shi ne tushen labarin. Kana zane da alƙalamin a kan allon, zanen yana fitowa a fuskar kwamfuta. Amma waɗanda suka ƙera shi, kamar Gwaggo Lami, sun ɗauka duk duniya da dama take zane, suka jera madannan a gefen hagu. Bahago na ɗora hannu, tsintsiyar hannunsa za ta danne su, abin da ya zana ya goge ko ya yi tsalle. Dole sai an juya allon, madannan su koma dama. To in an juya shi, kibiyar da ke kan fuskar kwamfuta sai ta rikice: ka ja sama ta yi ƙasa, ka ja gabas ta yi yamma. Maganin shi ne a sa wa kwamfutar manhajar allon, a shiga saiti a gaya mata mai zanen bahago ne. Mansur ne ya lalubo wannan bayan ya sha gumi. Ya danna wani ɗan wuri guda, kibiya ta dawo hayyacinta, Ikilima ta ja layi ya tafi inda ta aike shi.

Ta daɗe tana kallon layin. Tun da aka haife ta, wannan ne karo na farko da aka gaya wa wani abu cewa ita bahaguwa ce, ya ce to, ya gyara zama. Daɗi ya cika ta har ta ji kunyar Mansur ya ga idonta.

Matsalar ita ce allo nata ne, kwamfuta ba tata ba, kuma kowace kwamfuta sai an yi mata bayani daga farko. Ta Mansur tana da kirki, amma in lokacin rajistar jarrabawa ya zo, ko uwarsa ce ba za ta samu kujera ba. Sai Ikilima ta koma gidan maƙwabciyarta Malama Maimuna, malamar firamare mai kwamfutar cinya wadda batirinta ya mutu tun tuni, ana ɗauke wuta ta ɗauke numfashi da duk abin da aka zana. Ta taɓa bin Sabiru har Kongolam don yin tambarin wani mai fiton kaya, ta tarar da kwamfutarsa Faransanci take ji. Ba ta san ko kalma ɗaya ba, amma ta riga ta haddace wuraren da siffarsu, ta bi hotuna har ta kai inda ake juya allon, mai fiton yana tsaye yana kiran sunan Allah kada ta lalata masa takardun kwastan. Wasu masu shagon sukan bar ta da fara'a, wasu sai sun nuna mata kayansu ne. In ta dawo bayan kwana biyu, sau da yawa sai ta tarar an wanke kwamfutar an goge komai, ta manta da ita sarai.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a shagon wani mai ɗaukar hoto da ta ƙi karɓar manhajar ƙememe. An yi lallashi, an kashe an kunna, ta ce ita ba ta san zancen ba. Mai shagon ya ce wa Ikilima ta haƙura ta yi da dama mana, ai hannu hannu ne. Ta miƙe, ta ɗaga fuskar kwamfutar gaba ɗayanta, ta kife ta kai a ƙasa, ta tokare ta da bulo biyu. Allo a juye, fuska a juye, sai suka daidaita: ta ja sama, kibiya ta yi sama. Rubutun da ke kan fuskar ya koma a kife, amma ita da ta yi aiki da Faransanci, rubutu a kife bai dame ta ba. Daga ranar wannan ya zama dabararta, duk kwamfutar da ta yi mata taurin kai sai ta tsayar da ita da ka.

A haka ta yi suna. Katin biki nata daban yake, don furanninta na lalle ne, ba irin waɗanda kowa ke kwasowa daga intanet ba. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Ta gaji da jiran layi, ta gaji da murmushin dole ga masu shago, ta gaji da gabatar da kanta ga na'ura kullum kamar baƙuwa. Burinta bai wuce guda ɗaya ba, kuma ba ta ɓoye shi ga kowa: ta samu kwamfutar da za ta zauna a gabanta da safe, ta jona allo, ta tarar ba ta manta da ita ba.

Alhaji Maiturare ne ya zo da wannan burin a tafin hannunsa. Da turare ya yi arziki, sannan ya buɗe babban shagon ɗab'i a bakin titi, da injin buga bana, wato manyan ƙyallayen talla, da sababbin kwamfutoci da ƙofar gilashi. Ya aika aka kira Ikilima, ya nuna mata tebur a gaba, daf da ƙofa, da kujera mai juyawa, ya ce wurinta ne in tana so. Abu ɗaya ne ya rage: injiniyan da ya zo daga Kano ya haɗa kayan ya kulle kwamfutocin da lambar sirri, ba a iya sa musu sabuwar manhaja sai ya dawo, kuma kullum wani satin yake zuwa. Ikilima ta ce ba komai, ta kife fuskar tata ta kama aiki. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ta bar ta haka, masu wucewa ma suna leƙowa kallo, talla ce ta kyauta.

Lokacin saukar karatu ya zo. Malam Zakiyyu, shugaban wata Islamiyya a unguwarsu, ya kawo aikin takardun shaidar ɗalibansa. Ya ce so yake a zagaye kowace da zayyana irin ta allon sauka na da, ba ado na Turawa ba. Ikilima ta ji daɗin aikin nan fiye da kowane, don tun tana yarinya take sha'awar zayyana daga nesa. Siddiƙa, mai buga rubutu a shagon, ita ta rubuta aya a saman takardar da sunayen ɗalibai, ta turo wa Ikilima don ta yi gefe. Ikilima ta buɗe, idonta ya tafi kai tsaye ga gefen da za ta cika. Ta saba da ganin komai a kife har ta daina gani.

Ranar shagon cike yake da iyaye masu kawo hotunan 'ya'yansu. Wani dattijo da ke jira ya matso yana kallon aikinta, ya ɗan karkata kai, sannan ya ja da baya.

"Baiwar Allah, wannan ba aya ba ce a kife?"

Ikilima ta ɗaga ido, ta gani. Ba ta yi musu ba, ba ta nemi uzuri ba. Ta miƙe, ta ɗaga fuskar ta tsayar da ita daidai, tana istigfari a fili. Ta ce wa dattijon ya yi gaskiya, ganganci ne nata, Allah Ya yafe mata. Kunyar da ta ji ranar ba ta taɓa jin irinta ba, don ita kanta da a hannun wani ta ga haka da ba za ta yi shiru ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da an yi adalci. Amma wani ya riga ya ɗauki hoto da waya, kuma mu mutanen gari ba ma barin labari ya tafi tsirara, sai mun ɗinka masa riga. Kafin la'asar, zancen ya zama wata bahaguwa ce ke kife Alƙur'ani a shagon Maiturare. Kafin washegari, an ƙara cewa da hannun tsarki take rubuta ayoyi. Waɗanda suka fi zaƙewa a maganar, rabinsu katin bikin 'ya'yansu ita ta zana, da hannun nan dai, suka rarraba shi suna alfahari.

Malam Zakiyyu da kansa ya zo shagon. Ya saurari abin da ya faru daga bakinta, ya ce kuskure ne an yi, an gane, an tuba, magana ta ƙare. Ya ce ba ita ta rubuta ayar ba, kuma hannu halittar Allah ne, shi bai san inda aka hana bahago zana fure ba. Ya roƙi a ƙarasa masa aikinsa kamar yadda aka fara. Alhaji Maiturare ya raka shi har bakin mota yana godiya, ya dawo fuskarsa ba ta saki ba. Shi ɗan kasuwa ne, ya san fatawar malam ba ta rufe bakin majalisa.

Injiniyan nan da ya yi ta cewa sai wani satin, sai ga shi da sassafe, don wannan karon Alhaji da kansa ya kira. Ya buɗe kwamfutar, aka sa manhaja, aka gaya mata mai zanen bahaguwa ce, ta amsa. Amma kafin Ikilima ta iso, an kwashe teburin da kujerar da kwamfutar an kai su sito, ɗakin baya inda ake jibge naɗin bana da galan-galan na tawada.

"Malama Ikilima, ga abin da kika daɗe kina nema," in ji Alhaji. "Taki ce, ba mai taɓa miki. A ciki ki yi da hagu, ki yi da ƙafa ma in kin so. In kuwa gaba kike son zama, to da dama. Ni bakin mutane nake gudu."

Ta kai maganar gida. Hafizu ya ce shi bai ga abin tada hankali ba, ɗaki ɗaki ne, aiki aiki ne, kuma ga mace zaman ciki ma ya fi sutura. Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba, ya ga wahalar da ta sha a shagunan mutane ne, kuma ta san gaskiya yake faɗa ta wani gefen. Don haka ta koma, ta shiga siton, ta jona allo.

Kada a yi wa kwamfutar nan ƙarya, ta yi aiki. Alƙalami na tafiya kamar a kan man shanu. In ta danna da ƙarfi layi ya yi kauri, in ta sassauta ya sirance, abin da tsofaffin kwamfutocin aro ba su cika yi mata ba. Ta kashe ta, ta sake kunnawa don kawai ta gwada, ta tarar tana sane da ita. Ta zauna tana cika zayyanar Malam, ja da kore da ruwan ɗorawa, zuciyarta na ce mata wannan ai ya isa, me kuma ake nema a duniya.

Tana gab da gamawa ta ji an yi sallama a gaba. Siddiƙa ta taso da sauri ta jawo ƙofar siton ta rufe, ba ta ko kalle ta ba don kunya. Ƙofar ta falanki ce, ba ta tare magana. Wani mutum ne ya kawo aikin kalanda, yana tambaya ko nan ne shagon da abin nan ya faru. Ikilima ta ji muryar Alhaji, a sake, har da 'yar dariya, yana cewa ai wannan matar tuni aka sallame ta, yanzu wani yaro ne daga Kano yake musu zane.

Alƙalamin ya tsaya a hannunta. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, wani sanyi ne, sannan fushin ya biyo baya ya cika mata ƙirji. Laifin da ta yi ta amsa shi a gaban jama'a, ta nemi gafara a gaban jama'a. Wannan kuwa ba hukuncin laifin ba ne. Ana so ne hannun ya yi ta aiki ana cin moriyarsa, a kuma ce babu shi.

Ta ƙarasa kusurwar da ta rage, don ta yi wa Malam Zakiyyu alkawari. Ta adana aikin inda Siddiƙa za ta same shi. Ta zare wayar allon, ta naɗe ta a hankali, ta ɗan dafa saman kwamfutar kamar mai sallama da mutum. Sannan ta buɗe ƙofa ta fito, allon a hannunta na hagu, ba ta sa shi cikin hijabi ba.

Mai kalanda ya juyo.

"Malam, ni ce matar," in ji Ikilima. "Ba a sallame ni ba. Yanzu ne zan tafi da ƙafata."

Alhaji ya biyo ta har bakin ƙofar gilashin, ya rage murya, ya ce ta yi wa kanta faɗa, magana ce ta kasuwa kawai, kwana nawa ne za a manta. Ya tambaye ta ina za ta sake samun irin wannan kwamfutar a duk ƙasar Daura.

"Ba zan samu ba, Alhaji, na sani," ta ce. "Na gode da alherinka. Amma kife ayar ne laifina, kuma na tuba. Hannun nan ban yi laifin samunsa ba, ba zan shiga sito da shi ba."

Ba za a ce ta tafi tana murna ba. Da ta isa gida ta shiga ɗaki ta yi kuka sosai, kukan kwamfutar nan da kujerarta, har Hafizu ya tsayar da keken ɗinkinsa ya fito ya zauna a tsakar gida. An raba takardun sauka da zayyanarta a jiki, aka yi ta yabawa, mutane da yawa har yau sun ɗauka yaron Kano ne ya yi. Shaguna biyu da take zuwa a da, suka ce mata kwamfutarsu ta lalace, alhali tana hango ta a kunne.

Yanzu Ikilima ta haura arba'in, kuma har yau ba ta da kwamfutar kanta. In ka ga mace da hijabi ruwan toka a bayan ɗan acaba, ta rungume wani abu shafal a ƙirji, ta nufi tasha ko hanyar Mashi, wataƙila ita ce. Tana jiran layi kamar da. Kafin ta juya fuskar kowace kwamfuta, sai ta karanta duk abin da ke kanta tukuna, wannan darasin ta riƙe shi. Kwanan baya wani sabon mai shago ya ji labarin aikinta, ya kira ta ya nuna mata kwamfuta sabuwa dal a wani ɗaki mai fanka da labule, ya ce nan ba mai damunta. Ta duba ɗakin, ta duba labulen, ta tambaye shi ko wayar za ta kai teburin gaba. Ya ce ba za ta kai ba. Ta yi masa godiya, ta koma shagon Mansur, ta zauna a benci bayan 'yan rajistar jarrabawa tana jiran a zo kanta.